Sulalewar metan daga injinan jiragen ruwa masu amfani da gas: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan sun taru ne daga bakin mutanen da batun ya shafa: ɗaliban aikin injin jirgin ruwa, injiniyoyin da aka ɗauke daga jirgin baƙin mai aka kai su na gas, masu lissafin kuɗin dakon kaya zuwa Turai, da 'yan jarida masu bin labarin sauyin yanayi. Kusan dukkansu wuri ɗaya ne ya ɗaure musu kai. An ce musu gas mai ne mai tsabta, sai kuma suka ji ana cewa wani jirgin gas ɗin ya fi na dizal ɗumama duniya. Kowace magana a cikin biyun tana da gaskiyarta. Abin da ke raba gardamar shi ne irin injin da ke cikin jirgin da yadda ake tafiyar da shi.

1. Wane gas ake nufi, na girki ko wanda ake zuba wa tirela?

Ko ɗaya. Kalmar gas a Hausa ta ɗauki kaya da yawa. Direban babbar mota in ya ce zai sha gas, dizal yake nufi. Uwargida in ta ce gas ya ƙare, na tukunyar girki take nufi, shi kuma furofen ne da butan. Wanda ake magana a nan shi ne iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa, a sanyaya ta har digiri 162 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas ta koma ruwa, wato LNG. In ta koma ruwa, wurin da take ci yana raguwa kusan sau 600, shi ya sa ake iya ɗura ta a tanki a ƙetare teku da ita. Mafi yawan abin da ke cikinta sinadarin metan ne, sau da yawa sama da kashi 90 cikin 100. Daga nan gaba, duk inda aka ce gas wannan ake nufi, man babbar mota kuma za a kira shi dizal.

2. Me ya kai jiragen ruwa ga ƙona gas?

Jiragen dakon gas ɗin ne suka fara, kuma larura ce ta sa su. Tun da Methane Pioneer ya kai lodin farko daga Louisiana ta Amurka zuwa Ingila a 1959, an san cewa komai kyawun rufin tanki zafi yana ratsa shi, wani ɓangare na ruwan yana komawa iska kullum, kusan kashi 0.1 cikin 100 a jiragen zamani. Maimakon a zubar, jiragen da suka biyo baya sai suka riƙa ƙona shi a tukunyar tururi yana tuƙa su.

Sauran jiragen kuma dokar hayaƙi ce ta koro su. Baƙin man da manyan jirage ke sha cike yake da sulfa, farar wuta ke nan. Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, ta rage iyakar sulfa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100 daga 1 ga Janairun 2020, a wasu yankuna kamar Tekun Baltik da gaɓar Amurka ta Arewa kuwa iyakar 0.1 ce tun 2015. Gas kusan ba shi da sulfa, ba ya baƙin hayaƙi, kuma kabon dayoksaid ɗin da yake fitarwa ya gaza na mai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙaramin jirgin fito na Nowe mai suna Glutra ne ya buɗe fage a 2000. Isla Bella ya zama jirgin kwantena na farko mai gas a 2015, AIDAnova na yawon shaƙatawa ya biyo a 2018, sai ƙaton CMA CGM Jacques Saadé mai ɗaukar kwantena 23,000 a 2020. Amfanin da mazauna bakin tashar jirage suka samu ta fuskar iskar da suke shaƙa gaskiya ne, babu mai musun wannan.

3. To mene ne sulalewar metan?

Shi ne gas ɗin da ya shiga inji bai ƙone ba, ya bi salansa ya fita sararin sama yadda ya shigo. Turawa suna ce masa methane slip. Ana auna shi ko dai da kashi nawa cikin 100 na gas ɗin da aka ba injin, ko da giram nawa a kowace kilowat-awa ta ƙarfin da injin ya bayar. Kada a haɗa shi da yoyo daga bututu ko tanki. Inji sabo fil, babu tsaga babu yoyo, yana iya sulalar da metan, domin abin yana cikin yadda aka ƙera shi ne.

4. Ta ina gas ɗin yake bi ya kuɓuce wa wuta?

A yawancin injinan gas, ana gauraya gas da iska tun kafin a kunna wuta, sannan fistan ya matse gaurayen, ɗan ɗigon dizal ko fulogi ya tayar da wutar. Matsalar ita ce cikin silinda akwai lungu da saƙo. Tsakanin kan fistan da bangon silinda, sama da ringi na farko, akwai ɗan siririn rami da ya zagaye fistan ɗin. Akwai irinsa wajen gaskit da gefen bawul. Lokacin matsi, gauraye yana cusuwa cikin waɗannan ramuka, harshen wuta kuma ba ya iya shiga wuri mai ƙunci haka. Fistan na sauka, gas ɗin da ya ɓuya ya fito, amma wuta ta riga ta wuce, sai ya bi hayaƙi.

Hanya ta biyu bangon silindar ne kansa. Ana sanyaya shi da ruwa, don haka wuta tana mutuwa gab da ta taɓa shi, kamar ashanar da aka kanga wa ƙarfe mai sanyi. Siririn gas ɗin da ke manne da bango ya tsira ke nan. Ta uku kuma bawul: akwai ɗan lokacin da ƙofar shigar iska da ta fitar hayaƙi suke buɗe tare, kamar zaure mai ƙofa biyu, in gas ya shigo a daidai lokacin sai ya zarce ba tare da ya ga wuta ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne halin metan ɗin. Yana da taurin kai wajen kamawa, sai zafi ya haura digiri 500 yake kamawa da kansa, dizal kuwa bai kai rabin haka ba. Ga shi kuma da gangan ake ba waɗannan injina iska mai yawa, kusan ninki biyu na abin da ƙonewar ke buƙata, don wutar ta yi sanyi ta rage sinadaran naitirojin masu cutar da huhu. Wuta mai sanyi kuwa ita ce mai barin saura. An toshe wata ɓaraka, an buɗe wata.

5. In kashi uku cikin ɗari na gas ɗin ne kawai ya sulale, har wani abin damuwa ne?

A yi lissafin a gani. Tan 100 na gas in ya ƙone ƙurmus yana ba da tan 275 na kabon dayoksaid. Kafin a sami ƙarfi daidai da wannan daga dizal na jirgi, sai an ƙona kusan tan 115, wanda zai fitar da kusan tan 370. Ribar gas ke nan, kusan tan 95. To amma kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, a rahotonsa na 2021, ya ce tan ɗaya na metan da aka haƙo daga ƙasa yana ɗumama duniya daidai da tan 29.8 na kabon dayoksaid in aka auna a shekara 100. Ke nan tan uku da 'yan kai in suka sulale daga cikin ɗarin nan, sun cinye ribar kakaf. In shida suka sulale, jirgin yana bin bayan na dizal da tazara mai yawa.

Wannan lissafin bakin salansa ne kawai. Bai haɗa da metan da ke tsiyaya tun daga rijiya da bututu ba, ko makamashin da ake ƙonawa wajen sanyaya gas ɗin. In aka sa su, ribar tana ƙara tsukewa.

6. Me ya sa wani ke cewa metan ya ninka kabon sau 30, wani ya ce sau 80?

Duk daidai ne, tsawon lokacin da aka ɗauka ne ya bambanta. Metan ba ya daɗewa a sama, kusan shekara 12 yake yi ya wargaje, amma cikin wannan ɗan lokacin zafinsa ya yi yawa. Kabon dayoksaid kuwa yana iya shafe ɗaruruwan shekaru. In aka auna a shekara 20, adadin IPCC 82.5 ne, a shekara 100 kuma 29.8. Da ma'aunin shekara 20, tan ɗaya da ɗan ɗori ya isa ya cinye ribar da aka lissafa a amsa ta 5.

Masu sayar da gas sun fi son ma'aunin shekara 100, ƙungiyoyin kare muhalli sun fi son na 20. Duk rahoton da ya zo hannunka, fara duba wane ma'auni ya ɗauka kafin ka karanta kanun labarinsa. A ganina, tunda jirgin da aka ƙera yau shekara 25 zuwa 30 zai yi yana aiki, kuma ƙasashe 2050 suka sa a gaba don rage hayaƙi, ba daidai ba ne a yi watsi da ma'aunin shekara 20.

7. Injinan gas duk halinsu ɗaya ne?

Ina! Tsakanin mafi kyau da mafi muni akwai ninki fiye da goma. Dokar man jirage ta Tarayyar Turai ta ba kowane iri adadin da za a ɗauka a matsayin sulalarsa. Inji mai bugu huɗu, wato wanda fistansa ke motsi huɗu sama da ƙasa a kowace tashin wuta, mai shan gas ko dizal, da ake ba shi gas da ƙaramin matsi, kashi 3.1 cikin 100. Irinsa su ne Wärtsilä 34DF da 50DF da MAN 51/60DF, kuma su suka cika jiragen fito da na yawon shaƙatawa, su ne kuma janareto a yawancin manyan jiragen gas. Mai fulogi da ke shan gas zalla, irin na Bergen a Nowe, kashi 2.6. Babban inji mai bugu biyu mai ƙaramin matsi, irin X-DF na kamfanin WinGD da ke Switzalan, kashi 1.7.

Na huɗun daban yake. ME-GI na kamfanin MAN, wanda ya koma Everllence a 2025, ba ya gauraya gas da iska tun farko. Iska zalla yake matsewa, sai fistan ya kai ƙololuwa a feso gas ɗin da matsi mai ƙarfi, kusan 300 a ma'aunin matsi na bar, yana shiga yana kamawa yadda dizal ke yi. Gas bai sami sararin ɓuya a lungunan da aka bayyana a amsa ta 4 ba. Adadinsa kashi 0.2 ne. Tsofaffin jiragen tururi ma kusan ba sa sulalar da komai, sai dai shan mansu ya yi yawa.

8. In mai matsi mai ƙarfi ya fi, me ya hana kowa sayensa?

Kuɗi, da kuma wata dokar. Kai gas matsin bar 300 yana buƙatar famfo ko kwamfiresa mai tsada da bututu na musamman. Sannan tunda wutarsa mai zafi ce irin ta dizal, yana fitar da sinadaran naitirojin da yawa, sai an ƙara masa na'urar tace hayaƙi kafin ya cika mataki na uku na dokar IMO, wanda ya fara aiki a gaɓar Amurka ta Arewa a 2016, a Baltik da Tekun Arewa kuma a 2021. Mai ƙaramin matsi yana cika wannan doka ba tare da ƙarin komai ba. Shekara da shekaru doka tana hukunta naitirojin da sulfa, ba ta ce uffan a kan metan ba, masu jirage kuwa abin da doka ke tambaya suke saye.

Akwai kuma batun girma. ME-GI ƙaton inji ne na juya farfela kai tsaye. Jirgin fito ko na yawon shaƙatawa da ke buƙatar injina da yawa masu ba da lantarki, mai bugu huɗu ne ya dace da shi. Ko jirgin da ke da ME-GI ma, janaretocinsa galibi masu ƙaramin matsi ne. Duba amsa ta gaba.

9. Me ya sa ake ta maganar janareto da ƙaramin lodi?

Domin nan ne ɓarnar ta fi yawa, kuma nan ne aka fi mantawa. In inji yana aiki da ƙaramin lodi, wato ɗan kaɗan daga ƙarfinsa ake amfani da shi, cikin silinda ba ya zafi sosai, gauraye ya yi iska-iska, wuta tana tafiya a hankali tana mutuwa tun ba ta gama zagaye ba. Injin da ke sulalar da kashi 2 ko 3 a cikakken lodi yana iya ninka haka sau da yawa in lodi ya sauko kashi 25 cikin 100.

Ɗauki jirgin da ke shiga tasha. Jagoran tasha ya hau, ana shirin kunna farfelar gaba mai tura jirgi gefe, injinan jan igiya suna jira. Janareto ɗaya zai iya ɗaukar lodin, amma in ya tsaya a wannan lokaci jirgi ya yi duhu a tsakiyar mashigi, ba sitiyari ba komai. Sai ka ji babban injiniya ya ce a tayar da na biyu, wani lokaci har na uku. Ƙaramin injiniya ya ce, "Cif, lodin bai kai ba fa." Cif ya ce a bar su haka. Kuma ta fuskar tsaro yana da gaskiya. Sai dai allon ɗakin kula da inji zai nuna kowane janareto yana kan kashi 30, kowannensu yana zubar da metan a mafi munin yanayinsa. Abin takaicin shi ne a jirage da yawa an saba da barin su haka ko an fita tsakiyar teku, inda babu wani haɗarin da ake gudu.

10. An taɓa auna wannan a teku, ko duk lissafin takarda ne?

An auna, kuma sakamakon bai yi wa takarda daɗi ba. A 2021 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Queen Mary ta Landan suka bi sabon jirgin dakon gas GasLog Galveston daga Corpus Christi a Texas zuwa Zeebrugge a Beljiyam, suka dawo tare da shi. Yoyon tanki da bututu bai taka kara ya karya ba, kusan duk metan ɗin daga injina ya fito. Jimillar sulalar ta kai kashi 3.8 cikin 100, kuma janaretoci, waɗanda lissafe-lissafe da yawa ba sa sa su, su ne suka fitar da kusan kashi 60 na metan ɗin.

A Janairun 2024 cibiyar ICCT, mai bincike a kan tsabtar sufuri, ta fitar da sakamakon wani aiki mai suna FUMES, da ta yi tare da kamfanin Explicit na Denmak da cibiyar TNO ta Holan. Sun tura jirage marasa matuƙa da mai saukar ungulu cikin hayaƙin jirage a Holan da Denmak da Ostareliya suna ɗiban iska. Ga injina masu bugu huɗu masu ƙaramin matsi, matsakaicin da suka samu kashi 6.4 ne, ninki biyu na 3.1 da Turai ta rubuta, kuma ya zarce 3.5 da binciken IMO ya ɗauka. Masu ƙera injina sun ce yawancin awon an yi shi ne kusa da tasha inda lodi ke ƙasa, kuma sababbin injina sun fi haka. Ƙorafin yana da tushe. Amma jirgin fito ai rabin rayuwarsa a bakin tasha yake.

Binciken IMO na huɗu a kan iskar da ke ɗumama duniya, wanda ya fito a 2020, ya nuna metan daga jiragen ruwa ya ƙaru da kusan kashi 150 cikin 100 tsakanin 2012 da 2018, ya zarce ƙaruwar shan gas ɗin nesa ba kusa ba. Dalili shi ne ana ajiye jiragen tururi ana maye su da masu fistan.

11. Ana iya gane jirgi mai sulalar da metan da ido?

A'a. Metan ba shi da launi ba shi da wari, kuma LNG ba a sa masa sinadarin warin nan da ake sa wa gas ɗin girki. Bututun hayaƙin jirgin gas tsaf za ka gan shi. Sai da kyamara ta musamman mai ganin zafi ake hango shi, irin wadda ƙungiyar Transport & Environment ta yi amfani da ita a tashar Rotterdam ta nuna a 2022. Kyamarar tana nuna akwai ne kawai, adadi sai an sa na'urar awo a cikin hayaƙin.

12. Me doka ta ce yanzu?

Turai ce a gaba. Dokar FuelEU Maritime ta fara aiki 1 ga Janairun 2025 a kan jirage masu girman sama da tan 5,000. Tana lissafa duk iskar da ke ɗumama duniya tun daga rijiya har salansa, har da metan, ta kuma ce a rage ta da kashi 2 cikin 100 a 2025, kashi 6 a 2030, kashi 14.5 a 2035, har a kai kashi 80 a 2050. Da adadin da ke amsa ta 7, inji mai bugu huɗu da ƙyar ya tsallake matakin farko, kuma ba zai tsallake na 2030 da gas zalla ba, alhali mai matsi mai ƙarfi yana da sarari har ƙarshen shekarun 2030. Kasuwar sayen izinin fitar da hayaƙi ta Turai ta shigo da jirage a 2024 a kan kabon dayoksaid, aka sa 2026 don shigar da metan. Tafiya tsakanin tashoshin Turai ana lissafa ta duka, wadda ta taso daga waje kuma rabi. Mai jirgin da ke ganin injinsa ya fi adadin da aka rubuta masa yana iya kawo shaidar awo da aka tantance a yi masa lissafi da ita.

IMO tana baya. Ma'aunanta na ingancin jirgi, EEDI da CII, kabon dayoksaid kawai suke ƙirgawa, shi ya sa jirgin da ke zubar da metan yake iya samun maki mai kyau. A 2023 ta ɗauki burin kawo hayaƙin jirage daidai da sifili a wajajen 2050. A Afrilun 2025 aka amince da daftarin tsarin da zai sa farashi a kan hayaƙin har da metan, amma a taron Oktoban 2025, bayan matsin lamba daga Amurka da Saudiyya, aka ɗage ƙuri'ar tabbatar da shi da shekara ɗaya.

13. Masu ƙera injina ba su da magani ne?

Suna da shi, kashi-kashi. Sun matse ramukan da ke kan fistan, sun gyara lokacin buɗe bawul ɗin gas don kada ya zarce, sun koya wa inji kashe wasu silindoji in lodi ya yi ƙasa domin sauran su yi aiki da zafi. WinGD ta fito da tsarin iCER mai sanyaya wani ɓangare na hayaƙi ya mayar da shi cikin inji, ta ce yana rage sulala har da rabi. Wärtsilä ta gwada sabon salon ƙonewa a injin 31DF na jirgin fito Aurora Botnia da ke zirga-zirga tsakanin Finlan da Suwidin. MAN kuwa a 2024 ta daina sayar da nata babban injin mai ƙaramin matsi, ME-GA. Adadin da kamfani ya bayar dai a ɗakin gwaji aka same shi, a lodin da ya fi yi wa injin daɗi, don haka a riƙa haɗa shi da abin da ke amsa ta 10.

Ɗaya hanyar ita ce a tare metan ɗin a salansa da katalis, ɗan'uwan abin nan na cikin salansar mota da kanikawa ke yi wa laƙabi da indomi. Wuyar ita ce metan ba ya ƙonewa a kan katalis sai da zafi mai yawa, hayaƙin injin gas kuwa bai cika kaiwa ba, musamman na mai bugu biyu. Ga tururin ruwa da ɗan sulfan da ke cikin dizal da man inji suna kashe faladiyam ɗin da aka shafe shi da shi. A Japan, kamfanonin Kanadevia da Yanmar da Mitsui O.S.K. Lines sun fara wani aiki a 2021 da tallafin gwamnati, da burin rage sulala da kashi 70 cikin 100.

14. Injiniyan da ke cikin jirgi yau, me ke hannunsa?

Lodi. Janareto ɗaya a kashi 75 ya fi biyu a kashi 37, muddin wurin da ake ba mai haɗari ba ne. In jirgi yana da janareton da ke kan sandar farfela, ko batir, ko tasha tana ba da wutar tudu, a yi amfani da su. Wasu kamfanoni suna komawa dizal in lodi ya faɗi ƙasa sosai. Sai kuma gyara: bawul ɗin gas da ba ya rufewa daram, nozul ɗin ɗigon dizal da ya toshe, silinda mai fashin wuta, dukkansu suna ƙara sulala. Wanda ke son shawo kan ofis, ya tuna musu cewa gas ɗin da ya sulale da kuɗi aka saye shi.

15. Gas na shara da kashin dabbobi zai warware matsalar?

Rabinta. Metan da aka samo daga juji ko kashin shanu, aka tace aka sanyaya, yana rage nauyin kabon sosai, kuma injin da ake da shi zai sha ba tare da canza komai ba. Amma inji bai san asalin metan ba. Kashin da yake sulalarwa na rijiya shi zai sulalar na juji, kuma a sama ɗumamarsu kusan ɗaya ce. Ga shi kuma bai wadata ba, gidaje da masana'antu ma suna nemansa.

16. A taƙaice, gas ya fi dizal ko bai fi ba?

Ga huhun mutanen bakin tasha, ya fi. Ga yanayi, sai an faɗi injin. Rahoton ICCT na 2020 ya ce mai matsi mai ƙarfi zai iya ba da ragin da bai wuce kashi 15 cikin 100 ba a ma'aunin shekara 100, in an kula da yoyo tun daga rijiya. Mai bugu huɗu kuwa, a ma'aunin shekara 20, hayaƙinsa da gas ya zarce nasa da dizal da kashi 70. A 2021 Bankin Duniya ya shawarci ƙasashe kada su kafa sababbin manufofin tallafa wa LNG a matsayin man jirage. Masu goyon bayan gas suna cewa gada ce zuwa mai mafi tsabta, kuma shi ne ake iya samu a tashoshi yau. Ni dai in aka ce min jirgi kaza mai tsabta ne don yana shan gas, abin da nake tambaya shi ne wane babban inji, waɗanne janaretoci, a wane lodi, kuma wa ya auna.

17. Ina ruwan Najeriya da maƙwabtanta da wannan?

Najeriya tana cikin manyan masu fitar da LNG. Kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny ya fitar da lodinsa na farko a Oktoban 1999, layukansa shida suna iya samar da tan miliyan 22 a shekara, na bakwai kuma zai kai shi miliyan 30. Cikin jiragen da suka yi dakonsa akwai masu suna LNG Sokoto da LNG Kano da LNG Borno. Tsofaffin na tururi ne. Guda shida da reshensa Bonny Gas Transport ya karɓa daga Koriya ta Kudu a 2015 da 2016 suna tafiya ne da lantarkin da injina masu bugu huɗu ke samarwa, irin rukunin farko a amsa ta 7. Duk wanda ya sauke kaya a Fotugal ko Sifen ko Faransa, rabin tafiyarsa yana shiga lissafin Turai da ke amsa ta 12, kuɗin kuma a ƙarshe yana komawa kan farashin dako. Kamaru ma ta fara fitar da LNG daga Kribi a 2018. Najeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka shiga alkawarin Glasgow na 2021 na rage metan a duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

18. Motoci da keke-napep da ake mayarwa CNG, su ma haka ne?

Metan ɗin ɗaya ne, sai dai matse shi ake yi a tukunya maimakon a sanyaya shi. Injin mota ba a cika masa iska kamar na jirgi, wutarsa ta fi zafi, don haka abin da ke kuɓucewa bai kai na can ba, in saitin ya yi daidai kuma indomin salansa yana nan ba a cire an sayar ba. Waɗanda suka yi kama da injin jirgi sosai su ne manyan janaretocin gas na masana'antu, domin salon ƙonewarsu ɗaya ne, kuma ƙaramin lodi yana yi musu abin da aka bayyana a amsa ta 9. Ga mai mota, abin da ya fi kusa da shi shi ne yoyo a mahaɗar bututu, kuma ruwan sabulu a soso ya isa ya nuna masa inda kumfa ke tashi.